Nauyin Gini, Wa Zai Ɗauka?

Kalmar nauyi a Hausa fuska biyu gare ta. Akwai wanda kafaɗa ke ɗauka, akwai kuma wanda ke rataye a wuyan mutum, wanda za a tambaye shi a kai. A harkar gini mun saba yabon na farko: bango mai kauri, rodi rututu, kankare a sama. Na biyun ne ba mu cika waiwaya ba.

Mu ɗauki Kakangi a ƙasar Birnin Gwari, ɗaya daga cikin garuruwan da suka sha wuyar 'yan bindiga shekara da shekaru. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da su, har aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Duk wanda ya koma kufai, tunaninsa na farko shi ne ta da bango. In ya sayar da masara ya sami 'yan kuɗi, bulon siminti zai nema, ba tubali ba. Wa zai ga laifinsa? Bangon laka sai da yaɓe kafin kowace damina.

To amma siminti ba a banza yake zuwa ba. A Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka, ko Obajana, sai an gasa dutsen farar ƙasa da wuta mai zafin kusan digiri 1,450. Fiye da rabin iskar kabon da ke fita daga jikin dutsen take, ba daga makamashin ba. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 8 cikin 100 na wannan iska mai ɗumama duniya daga siminti take.

Shin adalci ne a ce wa manomin Kakangi ya haƙura da siminti, alhali tun 1824 da aka yi rajistarsa a Ingila wasu suke gina biranensu da shi? A ganinmu ba adalci ba ne. Wanda ya ci ya ƙoshi ba shi zai ɗora wa mayunwaci azumi ba. Sai dai fari da ambaliya ba sa tambayar mai laifi, gonar manomin suke fara ci. Ga shi kuma ɗakin bulo da kwano, da bazara, ba shi da maraba da tanda.

Kada kuma mu wanke laka tas. Soro yana son azara, azara kuwa giginya ake sarewa, jan bulo kuma itace yake ci, alhali dajin yankin, har da na Kamuku da aka mayar gandun ƙasa a 1999, ya riga ya ji jiki. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da laka a shekarun 1830, wani sashe nasa ya rufta kan masallata a 2023. Laka ba ta yafe sakaci.

Abin da ya rage shi ne rage nauyin. Ba sabon tunani ba ne. Rumawa sun sa dutse mara nauyi a ƙoƙon rufin Pantheon, yana nan tsaye kusan shekara 1,900. Yau ana yin bulo mai kumfa a ciki, ana kuma maye gurbin wani kaso na siminti da gasasshen yumɓu ko tokar buntun shinkafa. A Dandaji ta Nijar, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun kammala masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse da inji. Siminti ya tsaya inda ba makawa, a harsashi da kan ƙofa, ƙasa ta yi sauran.

Amma talaka ba ya gwaji da gidan da zai kwantar da 'ya'yansa. Nauyin yana kan mai zaɓi: gwamnatin da za ta sake gina makarantu da asibitocin karkara, da attajirin da ke zuba kankare don a gani a faɗa. In makarantar gari ta yi shekara goma da irin wannan bulo ba ta tsage ba, magina za su kwaikwaya ba sai an roƙe su ba.

Mu ma masu alƙalami da namu kason. A littattafanmu, gidan ƙasa nan yarinya ke kuka, tamfatsetsen bene kuma nan ake kai ta amarya a babin ƙarshe. Yaran Kakangi ma suna karanta mu.