Kyautar Da Gwanaye Su Ke Ƙi

Akwai wata dara da Turawa su ke kira ces, wadda asalinta daga ƙasar Hindu ne. Gidajenta 64, kowane ɗan wasa kuwa yana da dakaru takwas a gaban sarkinsa. Dakare ba ya ja da baya. In ya taka, ya taka ke nan.

A cikin hanyoyin buɗe wasan akwai wata tsohuwa da mu ka daɗe muna nazari. Fari ya tura dakaren gaban sarauniya gida biyu, Baƙi ya tare shi da nasa. Sai Fari ya turo wani dakare daga gefe, ya ajiye shi inda na Baƙi zai iya cinye shi. Ga alama kyauta ce. Amma in na Baƙi ya ci, ya bar tsakiyar fage, inda hanyoyi duka su ke gamuwa, ba kuwa zai komo ba.

A shekarar 1927, a birnin Buenos Aires, Capablanca da Alekhine su ka yi wasa 34 don a san gwanin duniya. A 32 daga ciki an miƙa wannan kyauta, an ƙi ta.

To, jama'a, ga tambayarmu: ƙin kyauta wulakanci ne ko hikima? An hore mu tun muna yara kada mu mai da hannun kyauta baya, gama ita ke ɗaure zumunci. Masanan wasan ma ba su ce karɓa haramun ce ba. Sun ce mai karɓa ya yi shirin mayarwa nan da nan. Wanda ya nace sai ya riƙe, yakan ɓata shirin rundunarsa wajen gadin dakare guda, har ya yi hasarar abin da ya fi shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Saboda haka mu a ganinmu ba girman kyauta a ke dubawa ba, sai inda za ta bar mutum bayan ya karɓa. Alƙalin da aka kai wa rago daren jajiberen shari'a, da ma'ajin da aka cusa wa goro a aljihu, su tambayi kansu: wace tsakiya a ke so mu bari? Kyautar da ta bar ka a matsayinka, karɓi ka gode. Wadda za ta kau da kai daga inda aka ba ka amana, wannan toshi ne, ko da an naɗe shi da fara'a.

Allah ya ba mu ikon rarrabewa, amin.