Ka Tsaya a Bakin Ƙofa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:6, 10-13

Ɗan'uwa mai gidan haya, yau da kai nake magana. Wataƙila akwai wani a ɗakinka wanda ya yi wata uku bai biya ba, har ka riga ka sayi kwaɗo. Kafin ka garƙame ƙofar, zauna mu duba karatunmu na yau.

A cikin dokar da Allah ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa, bai ce mai bin bashi ya bar kuɗinsa ba. An yarda ya karɓi jingina, amma an sa masa iyaka. Ba zai kutsa cikin gidan wanda yake bi ya ɗauki abin da ya ga dama ba, sai dai ya tsaya a waje a fito masa da shi. Ba zai karɓi dutsen niƙa ba, gama da shi iyali suke ci. In kuwa matalauci ya ba da mayafinsa, dole a mayar masa kafin rana ta faɗi domin ya sami abin rufa. Ka lura, bashin yana nan, gobe ma za a bi shi. Barcin mutumin ne Ubangiji ya hana a taɓa.

To, wanda ya kula da mayafi, yaya zai ga ɗaki? Mun san yadda ake yi a garuruwanmu. A cire ƙofa, ko a yaye kwanon rufi da damina, ko a watso tukwane da tabarmi a titi yara suna kallo. Kuma samun wani ɗakin ba wasa ba ne, balle bayan ruwan 2024 da ya rushe gidaje masu yawa a Maradi da Damagaram.

Ba na cewa hakkinka ba kome ba ne. Akwai gwauruwar da jika goman nan ta haya ita ce hatsinta da kuɗin makarantar ƴaƴanta. Akwai kuma ɗan haya mai hali wanda ya ƙi biya da gangan, wannan maganarsa dabam ce. Amma ka tambaya tukuna. Ciwo ne? Albashi ne ya makara? Kira shi gaban dattijon ikilisiya ko mai unguwa, ku rubuta abin da zai iya kawowa kowane wata, ko da jika biyu ne a kan tsohon bashin. In magini ne, ya gyara maka katanga a rage. In ba makawa sai ya tashi, ba shi wa'adi na gaskiya, har yara su gama jarrabawa, har ya sami inda zai sa kansa.

Kai kuma ɗan haya, daina fita da asuba kana dawowa tsakar dare don kada ku haɗu. Ɓuya ce take taurare zuciyar mai gida. Je ka same shi da ɗan abin da ke hannunka, ka faɗa masa gaskiya, ka sanar da dattawan ikilisiyarku tun bashin bai kai wata biyu ba.

Addu'a: Ya Uba, ka san wanda nake bi, ka san bukatata. Ka riƙe hannuna daga kwaɗon nan, ka ba ni bakin da zan yi masa magana yau. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.