Amsa Laifi a Gaban Mai Haƙƙi

Idan alƙali ya yanke wa ɗan fashi shekara goma aka wuce da shi gidan yarin Tamale, hukuma ta gama aikinta. Matar da ya tare a hanyar Gumbihini ya ɗora mata adda a wuya kuwa, tun ranar da ta ba da shaida ba wanda ya sake tambayarta komai. A kotu an ce ta amsa abin da aka tambaye ta kawai. Shi kuma lauyansa ya hore shi da ya musa, ya yi ta musawa har ya fara yarda da ƙaryar kansa. Haka shari'a ke ƙarewa: an hukunta mutum, amma bai taɓa duban wadda ya cuta ya ce ni ne, na yi, ba ki da laifi ba. Wannan amsa laifin ido da ido ita ce ɗabi'ar da nake ganin mun yi sakaci da ita, kuma rashinta na cin mu fiye da yadda muke zato.

Mutanen Dagbon sun san ɗacin wannan rashi. A watan Maris na 2002 aka kashe sarkinsu Ya Na Yakubu Andani II a Yendi tare da mutanensa da dama. Shugaban Ghana na lokacin, Kufuor, ya kafa hukumar Wuaku ta yi bincike, an gurfanar da mutum biyu aka sallame su a 2003, an sake gurfanar da goma sha biyar aka sallame su a 2011. Kwamitin manyan sarakuna ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya yi ta fama shekara da shekaru kafin gidajen sarautar Dagbon biyu, gidan Abudu da gidan Andani, su yarda a yi bukukuwan makokin sarakunansu, a naɗa Ya Na Abukari II a Janairun 2019. Ba mai hankalin da zai raina wannan sulhu, domin ya tsayar da jini. Sai dai sulhu ne tsakanin gidajen sarauta. Matan da aka mayar zawarawa a fadar Ya Na ta Gbewaa ba su ji wani ya tsaya gabansu ya ɗauki alhakin abin da hannunsa ya aikata ba. Haka ma waɗanda aka ƙone wa gidaje a Gumbihini a rikicin magoya bayan jam'iyyun NDC da NPP na 2009: an sake gini, an ci gaba da haɗuwa a masallaci da kasuwa, amma kowa na riƙe da abin da ya sani a cikinsa.

Addininmu bai bar wannan magana a duhu ba. Malamai sun raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa, suka ce tuba daga zaluntar mutum ba ta cika sai an mayar masa da abinsa ko an nemi yafewarsa. A shari'ar kisa ma, zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa yana hannun dangin mamaci ne. Ke nan ɗan kurkukun da ke azumi da nafila yana kuka cikin dare, amma bai taɓa neman wanda ya cuta ba, rabin hanya ya yi. Dokar Ghana ita ma ta buɗe ƙofa kaɗan: sashe na 73 na Dokar Kotuna ta 1993 ya ba kotu damar sasanta ƙananan laifuffuka. Manyan laifuffuka, inda ciwon ya fi zurfi, suna waje.

Wasu ƙasashe sun gwada abin da muke tsoro. A 1974 a garin Elmira na Kanada, an sa wasu samari biyu da suka yi ɓarna a dukiyar mutum 22 su bi gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa suna faɗin abin da suka yi. Jihar Texas ta Amurka, wadda ba a san ta da sassauci ba, tun shekarun 1990 take haɗa dangin waɗanda aka kashe da masu kisan a cikin kurkuku, idan dangin ne suka nema. Binciken da Lawrence Sherman da Heather Strang suka jagoranta a Ostireliya da Ingila ya nuna cewa waɗanda suka zauna da wanda ya cuce su tsoronsu da ƙishirwar ramuwarsu sun ragu, komawar masu laifin ga ɓarna ma ta ɗan ragu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ɗaki ɗaya, gandiroba na bakin ƙofa, mai shiga tsakani na gefe, uwa takan tambayi abin da ba lauyan da zai tambaya: me ya sa ɗana, ya sha wuya kafin ya cika, me ya ce a ƙarshe? Mutum ɗaya ne a duniya yake da amsar.

Za a ce fursuna zai yi hawayen ƙarya don a rage masa shekaru. Maganin wannan shi ne kada zaman ya rage masa ko kwana ɗaya, kamar yadda tsarin Texas yake. Wanda ya zo bayan ya san haka, da wuya a ce riba ta kawo shi. Za a ce kuma irin wannan zama fama miki ne. Wannan tsoron gaskiya ne, musamman a fyaɗe da dukan mata, inda mai laifin ya saba juya wadda ya cuta da baki. Don haka mai haƙƙi ne kaɗai zai buɗe maganar, a yi watanni ana shirya kowane ɓangare daban, kuma ya iya tashi ya fita ba tare da ya ba kowa hanzari ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ai muna da sulhunmu na gargajiya. Muna da shi, kuma yana da daraja. Amma a duba yadda yakan gudana: dattawan gidan mai laifi su zo da goro, su durƙusa a zauren sarki ko liman, su ba da haƙuri a madadin ɗansu, shi yana can ko yana gefe kansa a sunkuye bai ce uffan ba. Sai a juya ga wanda aka cuta a ce ya dubi girman manya ya bar wa Allah. Idan ya ƙi, shi ne mai taurin kai. Nauyin da ya kamata ya hau kan azzalumi an sauke shi a kan wanda aka zalunta, kuma yafiyar da aka karɓa da kunya takan dawo a zaɓe na gaba da galan ɗin fetur.

Tun da majalisar Ghana ta soke hukuncin kisa kan laifin kisan kai a 2023, masu kisa za su tsufa a kurkuku, dangin mamatan kuma suna nan da tambayoyinsu. Limamai da fastocin da ke shiga gidan yarin Tamale wa'azi sun riga sun san fursunonin, sun san unguwannin da suka fito. Abin da ya rage shi ne hukumar gidajen yari ta ba su horo da izini a rubuce, ta buɗe hanyar da mai haƙƙi zai shigar da buƙatarsa ba tare da ya bi ta hannun dangin wanda ya cuce shi ba.