Musaya ko bara? Guzurin ɗalibi mai zuwa jami'o'in ƙasashen Sipaniyanci

A kasuwar Madawa, in aka ce za a yi musaya, kowa ya san sharaɗinta: mai albasa ya kawo buhunsa, mai hatsi ya kawo nasa, a auna, a daidaita, kowa ya tashi da abin da bai zo da shi ba. Wanda ya zo hannu rabbana kuma ya koma da kaya, sunan abin da ya yi daban ne: ko dai bashi ya ci, ko kuwa sadaka aka ba shi. To ga shi wannan kalma ta shiga bakin ƴan boko, ana cewa wane ya tafi musayar ɗalibai a Garanada, wance ta tafi Salamanka. Tambayar da ta kamata malamai da iyaye su tsaya a kanta ita ce: yaron da ya tashi daga Buza ko Keita ko Madawa ya nufi waɗannan jami'o'i, me ke cikin buhunsa? In babu komai, ashe sunan da aka ba tafiyar bai dace da ita ba.

Tsarin kansa ba mai wuyar ganewa ba ne. Jami'o'i biyu su ƙulla yarjejeniya, ɗalibin wannan ya je waccan ya yi wata biyar ko shekara guda, ya zauna jarrabawa a can, a lissafa masa sakamakon a gida kamar bai motsa ba. Ƙasashen Turai sun kafa shirinsu mai suna Erasmus a 1987 domin ƴaƴansu, daga 2015 kuma suka faɗaɗa irin wannan gajeriyar musaya ga jami'o'in wasu nahiyoyi, har da Afirka. A ɗaya gefen teku, Kuba ta buɗe makarantar koyon aikin likita ta ELAM a 1999, inda matasa daga ƙasashe matalauta suke yin karatu cikakke da Sipaniyanci. A jahar Tawa kuwa an samu jami'a a 2010, wadda daga baya aka raɗa mata sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani. Ƙofa dai ta samu, ko da ƙarama ce. Sai dai duk wanda ya lura zai ga cewa masu fita ta cikinta sun fi masu shigowa yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan rinjaye shi ne ke sa yaro ya ɗauka cewa can ake da komai, nan kuwa babu komai.

Akwai masu ganin cewa haka ya kamata. A wurinsu mai neman ilimi almajiri ne, almajiri kuwa da ƙoƙo wofi yake fita, ya durƙusa gaban malami, ya kame bakinsa. Jami'ar Salamanka tun 1218 take, ta Garanada tun 1531; ina yaron da ya yi karatu a aji na zana zai buɗe baki ya ce ya zo da wani abu? Wannan magana tana da gaskiyarta, domin tawali'u shi ne ƙofar karatu, kuma wanda ya je da girman kai zai dawo kamar yadda ya tafi. Amma akwai bambanci tsakanin ƙanƙan da kai da raina kai. Mai ƙanƙan da kai ya san abin da yake da shi, ya kuma san bai isa ba, shi ya sa yake nema. Mai raina kai kuwa ya yarda tun daga gida cewa iyayensa ba su bar masa komai ba. Irin wannan ɗalibi, in ya dawo, garinsu yake fara gani da idon ƙyama; in kuma bai dawo ba, ba ya jin ya bar wani abin kirki a baya. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ilimin da bai sami tushen da zai kama ba, aro ne.

Abu na farko da ke cikin buhun ɗalibin, ko ya sani ko bai sani ba, yana zauren malaman garinsu. Ishiriniya da ake rerawa a daren Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, haifaffen birnin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Ashafa da ake karantawa cikin azumi ta Alƙali Iyal ce, mutumin Sabta da ya yi alƙalanci a Garanada, ya rasu a 1149. Alfiyya, wadda manyan almajirai suke haddacewa domin nahawu, ta Ibnu Malik ce, wanda aka haifa a Jayyan. Ƙurɗuba da Garanada da Jayyan duka garuruwa ne na kudancin Sipaniya ta yau, yankin da har yanzu ake kira Andalus. Bayan faɗuwar Garanada a 1492 an ƙone littattafan Larabci masu yawa a dandalin birnin, karatun ya mutu a can, amma ya ci gaba da rayuwa a kan buzun malamai a Timbuktu da Agadas da Katsina da Sakkwato da ƙauyukan Adar. Saboda haka yaron da ya girma yana jin Ishiriniya a bakin kakansa, in ya taka titin Ƙurɗuba, ya je garin da ya daɗe da aiko wa gidansu saƙo. Masana a can suna nazarin waɗannan littattafai a ɗakunan ajiya. Shi kuwa ya san muryar da ake rera su da ita, da lokacin da ake yi, da yadda malami ke fassara su baƙi-baƙi da Hausa. Ko a harshen ma zai tarar da dangi: kalmar «alcalde», wato magajin gari, uwa ɗaya suka fito da «alƙali», haka «alguacil» da «waziri», dukansu daga Larabci.

Abu na biyu yana cikin ƙasar da ya taka ya girma. Bayan farin 1984 aka fara babban aikin raya karkara na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, inda mutanen ƙauyuka, galibinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tuddai, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa a fako. Kafin nan, tun 1975, an fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya, cikin ƙasar Buza, domin karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasar gona. A kwarin Tarka kuma manoman Madawa sun gwanance da noman albasa da rani da adana ta a rudu har farashi ya tashi. Wannan duka ilimi ne, ko da ba a rubuta shi a allo ba. Kudu maso gabashin Sipaniya, wajen Almeriya, yana cikin wurare mafi ƙarancin ruwan sama a Turai. A can ana noma a ƙarƙashin rumfunan leda da ruwan da ake zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, kuma masanansu suna fargabar ranar da zai ƙare. Ɗalibin aikin gona daga Keita zai koyi awon ruwa da binciken ƙasa a wurinsu, amma shi ma yana da amsar wata tambaya da ke damunsu: yaya ake farfaɗo da ƙasar da ta mutu da hannu da dutse da haƙuri?

Jahar Tawa ma ta taɓa ganin musaya ta gaskiya, kuma ba ƴan jami'a suka yi ta ba. A ƙarshen shekarun 1980 an kai wasu manoman Illela ziyara Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka da taki. Da suka dawo sai suka gwada a gonakinsu, suka daidaita abin da irin ƙasarsu, tassa ta bazu ƙauye bayan ƙauye, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Dalilin da ya sa ziyarar ƴan kwanaki ta yi irin wannan albarka shi ne, waɗanda suka je sun san gonarsu tun kafin su tafi. Sun je da tambaya, shi ya sa suka gane amsa da suka gan ta. Ɗalibin da bai san ciwon garinsu ba, ko an kai shi ɗakin magani mafi girma a duniya, bai san wanne zai ɗauko ba.

Haka abin yake a fannin lafiya. Bayan yunwar 2005, reshen Sipaniya na ƙungiyar likitoci ta MSF ya yi shekaru yana aiki a Madawa da Buza, wajen jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Likitocin da suka zo sun kawo magani da ƙwarewa, an kuma ceci rayuka masu yawa. Su ma sun koma da abin da ba su zo da shi ba, domin a gefen ma'aikatan jinya na ƙasa da uwayen yara suka ga yadda cutar take a watannin da rumbu ya ƙare, sauro kuma ya yi yawa. Wato ilimi ya daɗe yana tafiya ta fuska biyu tsakanin wannan yanki da masu jin Sipaniyanci. Abin da ya rage shi ne a kira kowace fuska da sunanta.

A nan wata matsala ta ɗabi'a take ɓullowa. Abin da ke cikin buhun ba na ɗalibin ba ne shi kaɗai. Ishiriniya ta malaman zaure ce, jeren duwatsun Keita na matan da suka ɗauke su ne, dabarar rudu ta manoma ce. Shi ɗan aike ne, abin da ya ɗauka kuma amana. Haƙƙin amana biyu ne. Na farko, ya san ta da kyau kafin ya tafi, kada ya je yana ba da labarin Magiya alhali bai taɓa zama da wanda ya dasa itace ɗaya a can ba. Na biyu, ya ambaci masu ita. Wanda ya rubuta kundin digiri a kan tassa, ya jera sunayen masanan Turai shafi uku, ya manta da manomin da ya kai shi gona ya nuna masa, ya ci amana ko da ya sami yabo.

Mai ja da wannan magana zai ce duk daɗin baki ne, tunda mai biyan kuɗin jirgi da masauki shi ke da ta cewa, kuma biza a hannun wancan ɓangare take. Gaskiya ne, ba a musu. Talauci yana rage wa mutum murya. Amma rashin daidaito a aljihu bai wajabta rashin daidaito a daraja ba. Bahaushe ya san baƙon da ya zo da ɗan goro a hannu, komai ƙanƙantarsa, ba a karɓarsa kamar wanda ya zo roƙo. Kuma yaba kyauta tukwici. Jami'ar da ta karɓi ɗalibi ta ba shi ɗakin karatu da na gwaji, tukwicinta shi ne ya bar mata sanin da ba ta da shi.

Saura batun dawowa. Mutanen Adar sun fi kowa sanin tafiya. Tun kaka da kakanni samari suke fita biɗa zuwa Kano da Legas da Abijan, daga baya har Libiya. Al'adar biɗa tana da doka wadda ba a rubuta ba: ana tafiya bayan girbi, ana dawowa kafin shuka, wanda kuma bai samu dawowa ba ya aiko. Ba a zagin wanda ya daɗe, ana zagin wanda ya yanke. Ɗalibi ma haka. Wani zai sami dalilin zama a Madrid ko Habana ko Meziko, kuma ba kowane zama ne butulci ba, domin akwai fannin da babu wurin aikinsa a gida tukuna. Amma bashin yana nan. Kuɗin talakawa ne suka biya malamin da ya koya masa baƙaƙe, hatsin uwarsa ne ya ci ya je lakwal. Zai iya biya da ƙafarsa, ya dawo ya yi aiki a asibitin Buza. Zai iya biya da alƙalaminsa, ko da buɗe wa na bayansa hanya. Abin da ba shi da hujja shi ne ya ce ba a bin sa komai.

Nauyin gyara wannan al'amari yana kan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu fiye da kowa, domin su ke haɗa guzuri. Malamin tarihi da ya koyar da Andalus zai iya gayyato malamin zaure ya nuna wa yara littafin da ya fito daga can. Malamin labarin ƙasa a Keita yana da darasi a bayan tagar ajinsa. Ƙungiyoyi za su iya neman duk ɗalibin da zai tafi ya yi ko da mako biyu yana zama da dattawa da manoma da ungozomai yana rubuta abin da ya ji, in ya dawo kuma a tara jama'a ya ba da bayanin abin da ya gano da Hausa ko Tamajak, yadda wadda ta ɗauki dutse a ka za ta gane, ta kuma yi masa tambaya. Masu sa hannu a yarjejeniyar jami'o'i su ma su riƙa neman a turo ɗaliban can su zo nan, gwargwadon yadda halin tsaro ya bari, su zauna a aji ɗaya da ƴaƴan Tawa.

An ce tafiya mabuɗin ilimi, amma mabuɗi ba ya amfanar wanda bai san ɗakin da zai buɗe ba. Yaron da aka raka tashar mota a Madawa da jakar tufafi kawai, bara aka tura shi, ko da a jirgin sama zai ƙarasa. Wanda aka raka da sanin zauren garinsu da gonar garinsu da sunayen masu su, shi ne ya tafi musaya, kuma shi ake sa ran ya dawo da buhun da ya fi wanda ya tafi da shi nauyi.