Kunya Ce Ko Tsoron Mutane? Magana Kan Rubutun Farko

A 'yan kwanakin nan matasanmu na Sabo, maza da mata, suna yawan zuwa mana da tambaya iri ɗaya bayan sallar Magariba ko a bakin rumfa. Wani ya rubuta tarihin kakansa da ya zo fataucin goro daga Kano, wata ta rubuta nasiha ga 'yan mata, wani ya tsara waƙa. Rubutun yana cikin waya wata da watanni, an kasa sakinsa a Facebook. In ka tambayi dalili sai a ce, "Malam, kunya nake ji." To wannan abu da ake kira kunya, kunyar ce da gaske, ko wani abu ne ya ari rigarta?

Mun karanta tun muna Islamiyya cewa kunya tana daga cikin imani, kuma babu mai ja da wannan. Amma kunyar da addini ya yaba ita ce wadda take hana mutum aikata abin ƙi. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Ashe ke nan akwai wurin da noƙewa ba ta da lada. Wanda ya ɓoye alheri don kada a yi masa dariya, in ya binciki zuciyarsa da kyau zai tarar darajarsa a idon jama'a yake karewa. Malamai sun yi gargaɗi cewa kamar yadda yin aiki don mutane su yaba yake ɓata shi, haka barin aikin kirki don tsoron bakinsu shi ma cuta ce ta zuciya. A duka biyun mutane aka sa a gaba.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan darasi tun kafin zuwan intanet. Da safe ka kasa kayanka, mutum ya zo ya ɗaga, ya juya, ya taya da kuɗin da bai kai ba, ka ce albarka, ya wuce. Wani ma sai ya kushe kayan sannan ya tafi. Akwai wanda ya taɓa rufe rumfa saboda haka? Ai mun san kayan aka taya, mutuncin mai kaya yana nan yadda yake. Kuma duk mai harkar goro ya san huhun da aka ƙi buɗewa ana dubawa, sangara ce take cin ribarsa. Rubutun da ba a nuna wa kowa ba, kuskuren da ke cikinsa yana nan zaune, babu mai tsince shi.

Akwai wani tsoro kuma da ya keɓanta da mu mazauna Kurmi. Yaranmu a nan aka haife su, Hausarsu ta gauraya da Yarbanci da Turancin kasuwa, suna fargabar 'yan Kano da Sakkwato su ce wannan wace irin Hausa ce. Wannan fargaba tana da tushe, don kuwa akan yi dariyar. Sai dai mu duba abin da shirun ya jawo mana. An kafa unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916. Littafin da aka fi sani a duniya kan rayuwar wannan unguwa, da cinikin shanu da goro da zuwan ɗariƙar Tijjaniyya, wani masani ne baƙo mai suna Abner Cohen ya rubuta shi da Turanci, aka buga a 1969. Ya yi ƙoƙarinsa, amma idon baƙo daban, idon ɗan gida daban. Haka lokacin rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, yawancin labarin da ya zagaya ƙasa daga bakin waɗanda ba su taɓa kwana a kasuwar ba ya fito. Dattawanmu da suka san yadda aka zauna da Yarabawa shekara da shekaru, aka yi auratayya, aka yi amana, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wa zai rubuta abin da suka sani in jikokinsu suna jiran Hausarsu ta zama irin ta gidan rediyo?

Manyan da muke alfahari da su ma da farawa suka fara. Abubakar Imam bai wuce ɗan shekara 22 ba lokacin da ya shiga gasar rubutun da aka shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja. Malamin makaranta ne a Katsina, ya aika aikinsa Zariya ga mutanen da za su iya cewa bai yi ba. Bayan shekara shida, a 1939, shi ne editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da ya bar takardun a akwati fa?

Wani zai ce, "To Malam, ai da muguwar rawa gara ƙin tashi." Gaskiya ne, kuma a nan ne ya kamata tsoro ya zauna. Ka ji tsoron Allah a kan abin da za ka rubuta. Kada ka ba da fatawa a kan abin da ba ka karanta ba. Imamu Malik da girmansa ya shahara da cewa bai sani ba idan bai sani ba. Kada ka yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, musamman mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, inda jimla ɗaya ta ƙarya za ta iya tayar da gobarar da ba mai iya kashewa. Kada ka ci naman wani da alƙalami. In rubutunka ya tsira daga waɗannan, ka kai wa mutum ɗaya ko biyu da suka fi ka sani su duba, ka gyara, ka yi bismillah ka sake shi. Ragowar tsoron da ya saura bayan haka ba shi da wani haƙƙi a kanka.

Za a yi maka gyara, wannan babu makawa. Ka tuna makarantar allo, inda malam yake gyara maka karatu a gaban kowa, ka wanke allo ka sake rubutawa, kuma da haka aka yi alarammomi. In gyaran gaskiya ne ka karɓa ko da an faɗe shi da gatse, ka bar wa mai shi gatsensa. In zagi ne kawai, ka ce albarka a zuciyarka kamar yadda muke yi a rumfa. In kuma shiru aka yi, babu wanda ya tanka, kada ka ɗauka an ƙi ka. Sau nawa muke jin wa'azi ya shige mu ba mu je mun gaya wa mai wa'azin ba?

Sai mu juyo kanmu, mu manya da masu karatu. Rabin wannan tsoro mu muka shuka shi. Yaro ya yi rubutunsa na farko, maimakon a kira shi gefe a nuna masa, sai a mai da shi abin hira a majalisa. Wanda aka yi wa haka da wuya ya sake ɗaukar biro, kuma alhakin abin da zai rubuta nan gaba bai rubuta ba yana iya hawa kanmu. In kun ga ɗan unguwa ya saki rubutu, ku karanta har ƙarshe, ku fara da faɗin abin da ya yi daidai, gyaran kuma a yi shi tsakaninku da shi.

Allah ya tsarkake mana niyya, ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar gobe, ya zaunar da unguwarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.