Kafin Ka Kwance Injin Nan, Ɗana

Ɗana, zo ka zauna. Labari ya iso ni cewa kana tara kuɗi za ka kai babur ɗinka gareji, a cire bulok da fistin na 125 a ɗora na 150, a kuma fasa cikin salansa, don kawai abokanka sun bar ka a baya ranar rakiyar amarya. Ba zan ce maka kada ka yi ba. Kuɗinka ne, babur ɗinka ne. Amma na riga ka hawa, na kuma riga ka faɗuwa, don haka ka ba ni aron kunnenka.

Ka fara sanin abin da kake hawa. Da yawa daga cikin baburan China da suka cika titunanmu, injinsu kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Kafin a ƙera shi, injiniyoyin kamfanin sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na loda wa babur iyali da kaya, ba sa kuma yin juye a kan lokaci. Sai suka koma suka yi injin da zai jure wa wulaƙanci. Jaki suka ƙera, ɗana, jaki mai haƙuri. Kai kuma kana so ka mayar da shi dokin sukuwa da kayan da ka sayo a leda.

Ba ƙarya bakanike ya yi maka ba da ya ce ƙarfi zai ƙaru. Faɗin fistin na 125 milimita 56.5 ne, na 150 kuwa milimita 62, alhali nisan hawa da saukarsu ɗaya ne, milimita 49.5. Da wannan ɗan bambancin cikin injin ke tashi daga sisi 124 zuwa 149, ƙarin kashi 20 cikin 100 ke nan. Za ka ji shi a hannunka tun daga giya ta ɗaya. Abin da bai faɗa maka ba shi ne wanda zai biya kuɗin wannan ƙarfin, domin inji gida ne da aka raba wa kowa aikinsa daidai ƙarfinsa. In ka kawo ƙato ɗaya ka zaunar a tsakar gidan, sauran ne za su sha wahala.

Kafireta ce ta farko. Babban fistin na zuƙar iska fiye da ƙarami, kuma in ba a daidaita jet ba, sai iska ta rinjayi fetur. Irin wannan haɗin wutarsa zafi gare ta. Babur ɗinka kuwa ba shi da lagireto, iskar hanya ce kaɗai ke sanyaya shi, baƙin man da ke cikinsa ma bai wuce kimanin lita ɗaya ba. To, ka ɗauki wannan injin ka tsaya da shi a cunkoso cikin zafin Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40 a Sakkwato ko Maiduguri. Mai zai tsinke, fistin zai kumbura ya kama jikin bulok, wani lokaci har samansa ya huje. Shi ne za ka ji ana cewa inji ya buga, sai ka ɗora wa kayan laifi ka ce jabu ne. Da a ce ka kwance fulogi bayan 'yar tafiya ka duba bakinsa, da ya gaya maka gaskiya tun da wuri: in ya yi fari fat, fetur ya yi kaɗan, in ya yi baƙi ƙirin, ya yi yawa, launin shayi da madara ake nema.

Ni ma na taɓa yi, kada ka ɗauka daga sama nake magana. Ina saurayi wani bakanike ya ɗora mini babban fistin, ya cire mini soson iska wai don inji ya numfasa. Mako biyu ina jin kaina sarki. Da hunturu ya shigo, ƙura ta bi ta kafireta ta cinye ringi, babur ya koma hayaƙi kamar ana ƙona bola. Na tura shi da ƙafa tun daga bayan gari har gida, ga azumi a bakina. Garin neman ƙiba na samo rama, kuɗin da na kashe a gyara na biyu ya fi na farko.

Ba kafireta kaɗai babban fistin zai wahalar ba. Kuloci ma zai fara zamewa, sarƙa ta riƙa saki, boris na ƙasan inji su ɗauki dukan da ba a auna su da shi ba. Salansar da za ka fasa kuwa, ƙara za ka samu da tsinuwar maƙwabta masu jinya da masu goyo. Kunne ne ke ruɗar ka ka ɗauka gudu ya ƙaru.

Amma duk wannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuwa ana mayarwa. Abin da ke hana ni barci birki ne. Kowa na tambayar yadda zai ƙara gudu, ban taɓa jin yaro ya je gareji ya ce a ƙara masa tsayawa ba. Nisan da birki ke buƙata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsallake yake yi: in ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Daga kilomita 60 zuwa 80 kaɗai, ya kusa ninkawa biyu. Birkin ganga da siririyar tayar da ke ƙarƙashinka ba su san ka canza fistin ba. Akuyar da za ta tsallaka titi ma ba ta sani ba, balle yaron da aka aika sayen magi. Ga shi hular kwano tana rataye a ƙusa tun ranar da ka saye ta.

Ka tambayi kanka, ƙarfin me kake nema? In don ɗaukar buhu ne da hawan tudu, ka rage haƙori ɗaya a ƙaramin faifan sarƙa na gaba. Zai ja kaya sosai, gudun ƙarshe ya ragu kaɗan, ba tare da an buɗe cikin inji ba. In kuwa gani ka yi babur ya yi sanyi ba kamar da ba, sau da yawa ƙarfin bai je ko'ina ba, dauɗa ce ta danne shi. A wanke soson iska da kafireta, a saita bawul, a sa sabon fulogi, a yi juye, a ja sarƙa, a auna iskar taya, sannan ka zo mu yi magana.

In duk da haka ranka ya kafe, to ka yi shi kamar mai hankali. Ka nemi bakaniken da ke aunawa kafin ya ɗaura, wanda zai duba ko sandar fistin ta dace da konrod, ko bakin inji zai karɓi sabon bulok ba tare da guduma ba. Ka gyara birki da taya a rana ɗaya. Ɗaruruwan kilomitocin farko ka tafi a hankali har ringi ya zauna, ka yi juye da wuri. In kuma injin gaba ɗaya za ka sauya, ka karɓi rasiti, domin lambar inji na cikin takardunka, kuma injin araha da ba a san asalinsa ba ya kwanar da mutanen kirki a ofishin 'yan sanda.

Yanzu tashi ka ɗauko mini sifana, mu kwance fulogin nan mu ga launinsa.