Tumbin Haihuwa Da Aikin Zuƙe Kitse: Nasiha Ga Magidanta Da Iyayenmu Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, tambayoyi sun yi yawa daga ɓangaren mata a kan aikin zuƙe kitse, wanda asibitocin kuɗi a nan Legas ke talla a Instagram da TikTok. Mace ta haihu, ciki bai koma ba, ta ga hoton wata an ce jiya da tumbi yau babu, sai ta hau lissafin kuɗin adashinta. Wata ma maigidan ne ke tunzura ta. Don haka muka ga ya dace mu duba lamarin a wannan Juma'a.

Mu fara da sanin abin, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Likita yakan ɗura ruwa mai haɗe da maganin kashe zafi a ƙarƙashin fata, ya huda wurin, ya zura siririn bututun ƙarfe, inji ya riƙa zuƙo kitsen. Tiyata ce sosai, kada a ruɗe mu da cewa ɗan gyara ne. Kuma kitsen da ke tsakanin fata da nama kaɗai take cirewa.

To, tumbin mai jego fa? Sau da yawa ba kitse ba ne zalla. Mahaifa kanta tana ɗaukar kusan mako 6 kafin ta koma yadda take. Fata ta miƙe wata 9, ta saki. Naman gaban ciki yakan rabe biyu saboda girman jariri. Zuƙe kitse ba ya ɗinke naman da ya rabe, ba ya ɗame fatar da ta saki, wani lokaci ma sai ta ƙara yin yaushi. Shi ya sa likitocin kirki suke cewa a jira aƙalla wata 6 bayan haihuwa, a gama shayarwa, kuma ya fi kyau a ce an gama haihuwa. Mu kuwa, Alhamdulillahi, mutane ne masu son zuri'a. Wani cikin ya shigo, kuɗin sun bi ruwa.

Ga kuma haɗari. Jini yana iya daskarewa ya toshe jijiyar huhu, kuma mai jego ta fi kowa kusa da wannan a makonnin farko. Kitse yana iya shiga jini. Ciwon yana iya ruɓewa. Bututun yana iya huda hanji. Manyanmu ba su manta ba, a watan Oktoba na 2005 Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen bayan irin wannan aiki, kuma a 2009 kotu a can ta kama likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai. Ina ga wadda za ta bi mai araha a wani lungu?

Sai hukuncin shari'a. Malamai sun raba gyaran jiki gida biyu. Akwai na kawar da cuta ko aibi, wannan ya halatta. Hujjarsu ita ce Sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Akwai kuma na neman ƙarin kyau kawai ga jikin da lafiyarsa ƙalau. A kan wannan ne hadisin Ibn Mas'ud ya zo a Buhari da Muslim da tsinuwa ga masu zanen fata da masu feƙe haƙora don ado, kuma Suratun Nisa'i aya ta 119 ta nuna mana cewa sauya halitta yana cikin abin da Shaiɗan ya sha alwashin sa mutane.

A shekarar 2007, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya, ƙasar Malesiya, ta yi magana a kan zuƙe kitse da sunansa. Ta halatta shi idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai tiyata, kuma an amince daga cutarwa. Sharuɗɗa uku ke nan. Wadda ke fama da wata lalura, kamar cibiyar da ta ɓullo bayan haihuwa ko rabewar nama mai sa ciwon baya, neman magani take yi, babu laifi a kanta. Ta je wurin likitan da ke da rajista da hukumar MDCN, a asibiti mai kayan ceton rai, ta nemi mace likita in akwai. Wadda kuwa kwaikwayon 'yan fim ne ya ja ta, to ta ji tsoron Allah a kan jikin da aka ba ta amana.

Yanzu gare mu, magidanta. Wallahi mafi yawan wannan damuwa daga bakinmu take fitowa. "Dubi yadda kika zama." "In ba ki gyara ba zan ƙaro." Haba malam! Cikin nan 'ya'yanka ya ɗauka. Suratu Luƙman aya ta 14 ta tuna mana wahalar da uwa ke sha daga ɗaukar ciki har yaye, Suratun Nisa'i aya ta 19 kuma ta umarce mu da kyakkyawan zama da matanmu. A gida Arewa mai jego tana da uwa da gwaggo da za su kula da ita har ta yi arba'in. A nan Agege ko Idi-Araba, sau da yawa daga ita sai kai, kai kuma tun asuba kana Mile 12. Idan kalmar da za ta ji da dare gori ce, ina za ta sa kanta? Wanda ya tura matarsa tiyata da baƙar magana, abin da ya same ta yana da kaso a ciki. Mu kuma dubi namu tumbin, wanda ba haihuwa ce ta kawo shi ba.

Ku kuma iyayenmu mata da ƙannenmu, yin ado don miji ibada ce, ba mu hana ba. Amma a bi ta hanyar da ba ta cutarwa: a ba jiki lokaci, a shayar, a riƙa tafiya a ƙasa, a rage zaƙi da maiƙo, a tambayi likita ko nas irin motsa jikin da ya dace, musamman wadda aka yi wa fiɗa. A guji shayin rage tumbi da ba a san abin da ke cikinsa ba, domin abin da uwa ta sha yana iya isa ga jariri ta nono. Kada a karya jarin sana'a ko a ci bashi saboda hoton da aka gyara a waya. Kuma a daina yi wa juna dariya a gidan suna.

Allah ya ba matanmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a a kan Sunna. Allah ya sa tausayi a gidajenmu, ya yi albarka a kasuwanninmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.